Cokalin Mama a Bayan Kafaɗar Hagu

Ranar da Auta ta fara ganinsa ihu ta kurma, don saurayi ta tarar a ƙofarsu rungume da kan mutum a hammata.

"Na roba ne, wallahi!" ya ce da sauri. "Makirufo ne a kunnuwansa, yana ɗaukar sauti yadda mutum ke ji. Wurin Baba na zo."

Shi ne mai haɗa sautin fim ɗin da ake yi a kan mahaifinta, tsohon mai busa sarewa. Irin fim ɗin nan ne da ake kallo da tabarau na musamman, kana sakawa sai ka gan ka zaune a falon, kowane sauti na zuwar maka daga inda yake.

Auta ta dube shi, ta dubi kan robar. "To, ku shigo, kai da abokinka."

Nan take ta laƙaba masa Malam Kunne. Shi kuwa bawan Allah, tun a bakin ƙofar ta gama da shi. Aikin kwana huɗu sai da ya kai tara, kullum da abin da wai bai ɗauku ba.

"Zumata, yau sau goma sha ɗaya na saurari dariyarki. Aiki ya tsaya cak," ya rubuta mata a waya.

"Yi aikinka, Malam Kunne. Mai dariyar ba inda za ta, tana jiranka."

A sutudiyo ne ya ji wani ƙas-ƙas a bayan busar, kamar ana buga cokali a jikin kofi. Kwana uku ya yi yana tsince shi ɗaya bayan ɗaya, har sarewar ta fito tas. Ya ɗauki aikin ya nufi gidan yana ji da kansa, da niyyar ranar zai nemi izinin turo manyansa.

Baba ya saka tabarau da abin kunne. Ya saurara, ya waiga hagu, ya sake waigawa, sai ya cire.

"Ina matata?"

"Ai Mama ba ta cikin fim ɗin, Baba."

"Shekara talatin da shida tana riƙe min kiɗa da cokali daga kicin, ban taɓa busa babu ita ba. Kai ka ɗauke ta hayaniya ka share? Ka kasa jin uwar, 'yar za ka ji? Kada ka turo min kowa."

Kunne ya fito, ko sallamar kirki bai iya yi ba.

"Na tafka wauta, Zumata. Tsoro nake ji kada in rasa ki," ya ce wa Auta.

"Ka zubar da sautin na asali ne?"

"Ban taɓa zubar da na asali ba."

"To zaman me kake yi?"

Mayar da sautin bai ishe shi ba. Ya faki idon Baba ya je wurin Mama, ta nuna masa inda take tsayawa. Ya auna: taku bakwai daga kujerar Baba, ta bayan kafaɗar hagu, ƙofar kicin a ɗan buɗe. Daidai nan ya ajiye cokalin a cikin fim.

Da ƙyar da magiya Auta ta sa Baba ya sake saka tabarau. Busa ta fara, ƙas-ƙas ya shigo. Sai ga tsoho ya waiga hagu yana ɗaga hannu.

"Kin yi sauri, sassauta mana!"

Mama, da ke zaune a gabansa hannunta a cinya, ta fashe da dariya. "Ga ni nan gabanka, Malam. Wa kake yi wa faɗa?"

Baba ya cire tabarau, idonsa ya ciko, yana dariya shi ma. Ya dubi Kunne ya ce, "Ka turo su."

Bayan wata biyu aka ɗaura aure. Da za su tafi, Baba ya kama hannun Auta ya damƙa masa.

"Ga ta nan. Surutu gare ta, kuma ban yarda ka rage mata ko kalma ɗaya ba."

"Ko tari ta yi, Baba, ina so."

"Allah ya sa ku ji juna har tsufa," in ji Mama, duk falon ya amsa da amin.