Hoton Bakin Rijiyar Babban Duhu

A cikin gilashin kamara Hashimu ya fara ganin Turai, shi ya sa har yau take yi masa gori, wai bai iya kallonta ba sai da akwati ya shiga tsakani.

Lokacin Turawa ba su kai ga tafiya ba. Hashimu tela ne a kasuwar Batsari, amma rabin hankalinsa na kan wata tsohuwar kamara da ya sayo a Katsina, irin wadda ake ratayawa a ƙirji, a sunkuya a leƙa ta sama. Shi ke ɗauka, shi ke wankewa a ɗakinsa bayan ya toshe ƙofa da bargo, sannan ya aika wa wata jaridar Hausa a Zariya. Wani sa'in su buga, galibi su yi shiru.

Ran nan ya tako keke har ƙauyen Babban Duhu don ya ɗauki sabuwar rijiyar siminti da aka gama. Yana da ƙa'idarsa: ba ya jera mutane. Da ka ce su tsaya sai su sandare, su ɗaure fuska kamar an kai su gaban alƙali. Sai ya ba rana baya, ya tsuguna gefe, ya yi ta jira har mata suka gaji da kallonsa suka koma kan guga.

Nan ta shigo cikin gilashin, doguwa, tana jan igiya tana dariyar wani abu da aka faɗa mata. Ya danna. Ya kasa ɗaga kai daga gilashin.

Daidai lokacin da ya danna, wata tsohuwa da ke zaune kan dutse ta nuna shi da sanda. "Kai, mai akwati! Tun ɗazu kake sunkuye. Kunya kake ji ko allura ka yar?"

"Aiki nake, Kaka."

"To in mata ka zo nema, ga ni. Waccan jikata ce Turai, ko tuwo ba ta iya tuƙawa ba."

Turai ta rufe fuska da gefen gyale, amma ta bar ido ɗaya a waje.

Daga ranar keken Hashimu ya san hanyar Babban Duhu fiye da ta shagonsa. Da la'asar sakaliya suke zance a ƙofar gida, Kaka Hansai na tsinkayensu daga zaure.

"Mai Akwati," in ji Turai, "mi kake gani a ciki wanda ba ka gani a waje?"

"A ciki ba kya guduwa, Ta Kaka."

"To bar ni a ciki mana."

"Ai tuni na maido ki nan," ya ce, ya dafa ƙirji. Ta ce Allah ya shirye shi, amma murmushin ya ƙi ɓoyuwa.

Kuskure ɗaya ya yi, ba kuma ƙarami ba. Hoton rijiyar ya yi masa kyau, sai ya aika Zariya bai tambayi kowa ba. Suka buga.

Akwai wani Armaya'u, mai kanti a Safana, da shi ma ke son Turai. Ranar kasuwa ya sayi tsire, aka ƙunshe masa a takardar jarida, yana buɗewa sai ga fuskarta, mai ya jiƙe ta, ga yaji a goshi. Bawan Allah ko tsiren bai tsaya ci ba. Ya ɗauki takardar bai zame ko'ina ba sai gaban mahaifinta, Malam Yusha'u.

Da Hashimu ya zo, malam ya shimfiɗa masa ita a ƙasa. "Ɗiyata ce wannan? Ita ce ta zama maƙunshin nama a kasuwa?"

"Baba, na yi laifi. Ya kamata in nemi izininka."

"Kada in ƙara ganin ƙafarka a ƙofar gidana, kai da akwatinka."

Ya tafi yana tura keke. Turai ta yi kuka har ta gode Allah. Kaka Hansai kaɗai ke tsaya mata, tana cewa a bar malam ya huce. Sai dai da damina ta yi nisa, tsohuwar ta kwanta 'yar rashin lafiya, Allah ya karɓi abinsa.

Ba a hana mutum ta'aziyya, don haka Hashimu ya zo. Turai ce ta fito da ruwa zaure, idonta ya kumbura. Tana ajiye kwanon ta ce a hankali, "Mai Akwati, fuskar Kaka ta fara ɓace mini. Ina rufe ido, ba na ganinta sosai."

Maganar ta bi shi har Batsari. Ya ɗauko fim ɗin rijiyar ya ɗaga wa hasken taga, sai ya yi salati. Ashe mutanen jarida sun yanke gefen hoton don ya shiga shafi, shi kuma a wancan lokacin Turai kaɗai idonsa ke gani. Ga Kaka Hansai nan a kan dutsenta, ta ɗaga sanda, baki buɗe tana tsiya. Ya wanke shi cikakke, babba, ya naɗe a farin ƙyalle.

Ya sami malam a bakin gona. Bayan doguwar gaisuwa ya durƙusa ya miƙa. "Ba roƙo na zo ba, Baba. Naku ne, ni ba ni da hakkin riƙe shi."

Malam Yusha'u ya buɗe ya daɗe yana kallo. Ya shafa sandar da ɗan yatsa. "Haka take," ya ce. "Wallahi haka Inna take in za ta ci mutum da tsiya. Wa take yi wa nan?"

"Ni ne, Baba."

Malam ya yi dariya, hawaye na bin gemunsa. "Ai har ta kwanta tana ce mini kai ne mijinta, na kore mata miji." Ya goge fuska da hannun riga. "Tashi. Ka ce wa manyanka su zo."

Bayan an ɗebe amfanin gona aka ɗaura aure. Armaya'u ma ya zo, ya ci shinkafa ya ƙoshi. Ana ta Allah ya ba da zaman lafiya, Allah ya kawo zuri'a ɗayyiba, sai malam ya yafito ango.

"Ina akwatin?"

"Na bar shi gida, Baba. Ka ce..."

"A je a ɗauko. Ka ɗauke mu duka, yadda muke, kada ka ce kowa ya tsaya. Amma ba Zariya." Ya dubi ƙofar zauren da Inna ta saba zama. "Kuma wannan karon kada a yanke kowa. Allah ya yi muku albarka."