Rigar Yaya

Dab da magariba Yaya ya tare ni a bakin ɗakin binciken da muke kiwon ɓeraye. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, shi ya samo mini aikin, don haka in ya ce je ka, ba na cewa ina.

"Ƙanena, taimaka ka zuba wa na ɗakin ƙarshe ruwa. Ungo rigata, taka tana wanki."

Na zura farar rigar. Wuyanta da danshi, tana tsamin gumi.

Kowa a wurinmu ya san namijin ɓera ba ya duba fuska, hanci yake bi. Da ya ji warin fitsarin wani namiji, jininsa ya tashi, sai cizo. Amma na ɗakin ƙarshe duk an dandaƙe su, babu sinadarin mazantaka a jikinsu. Ragwaye ne, ko yatsa ka miƙa musu lasa za su yi.

Ina tura ƙofa, motsinsu ya ɗauke. Sai gurnanin fankar da ke jan iska.

Can suka miƙe gaba ɗaya, hanci na rawa, suna kaɗa jela a jikin keji. Kar-kar-kar.

Fitila ta mutu.

Na ji shinshina a bayana. Numfashi mai ɗumi ya sauko ƙeyata daga sama. Gashin baki mai kauri ya gogi kunnena.

"Kai ne," aka raɗa mini. "Kai ka nutsar da 'ya'yana a bokiti. Na san warinka."

Na buɗe baki zan yi addu'a.

Haƙora suka cafki wuyan rigar har da fatar wuyana.

Na saki hannuwa baya, na sulale daga cikinta, ƙafa me na ci ban ba ki ba. Ina jin yadi yana kecewa a bayana.

A waje na tarar da Yaya ya riga ya hau babur. Ko kallon jinin da ke wuyana bai yi ba.

"Ya shinshina ka?" ya tambaya ƙasa-ƙasa.

"Au, da ma ka sani?"

Ya sunkuyar da kai. "Wasu jariran ɓeraye na tsinta bayan kabad, ba namu ba. Tun da na kashe su ubansu yake bina. Ni ina da yara, kai ko aure ba ka yi ba."

Wallahi cizon bai yi mini zafin maganar nan ba.

Na bar aikin. Ciwon ya warke, amma warin ya ƙi fita, babu sabulun da ban gwada ba. Da rana ta faɗi nake jin shinshina a ƙarƙashin ƙofata. Mama kullum cikin faɗa take, wai na yanke zumunci. 'Ya'yan Yaya kuwa in sun rugo za su rungume ni, ture su nake yi don kada warin ya shafe su. Sai su koma gida da kuka, wai Baffa ya tsane su.