Wadda Aka Ce Ta Sayar Da Hakimi

Ranar addu'ar ukun Hakimi ta sami Tani a durƙushe a turken awaki na bayan gidan sarauta, ƙafarta ɗaure da igiya, bakinta a kumbure, rabonta da abinci tun ranar da aka kawo gawa. Wayyo duniya! Marainiya ce daga wani ƙauye na bakin daji tsakanin Batsari da Safana. Alu, ƙaramin ɗan Hakimi, shi ya auro ta, ya rasu ya bar ta da 'yarsu Firdausi, tsohon kuwa ya hana ta tafiya, ya ce ita 'yarsa ce. Ita ke dama masa kunu, ita ke ba shi maganin hawan jini. Da 'yan bindiga suka tare shi a hanyar gona suka shige daji da shi, ya ƙare a hannunsu, sai babban ɗansa Rilwanu ya tsaya a tsakar gida ya nuna ta da yatsa, wai ita kaɗai ta san ranar da Baba zai fita, kuma an gan ta tana waya da mutanen ƙauyensu. Nan take aka rufe ta da duka, aka fizge Firdausi daga bayanta tana ihu. Rilwanu ya gama magana da 'yan sa-kai: da zarar manyan baƙi sun watse za su tafi da ita, kuma kowa a garin ya san wanda suka tafi da shi da sunan infoma, wato mai kai wa 'yan bindiga rahoto, ba ya dawowa.

A ƙofar fada kuwa babu masaka tsinke. Jiniya ke tashi wata bayan wata, motocin gwamnati sun cika har filin makaranta, an rufe kasuwa, talakawa sun zo a kan babura da jakuna suna sharar ƙwalla. Sarakuna sun aiko wakilai, ga 'yan majalisa, ga malamai, ga 'yan jarida. Tani tana jiyo ƙarar lasifika ana ta Fatiha, duk motar da ta ji ta tashi sai ta san lokacinta ke matsowa. “Ya Allah, Kai ka san ban ci amanar Baba ba,” ta ce hawaye na zuba. “Ko kashe ni za a yi, Ka nuna mini fuskar 'yata tukuna...”

Can sai cikin gida ya kaure da hayaniya. Hajiya Zahra'u ce ta iso, fitacciyar jarumar fim ɗin nan da aka sace a hanyar Safana, wadda ta zauna daji guda da marigayin kafin a sako ta. Mata har ture juna suke don su gan ta. Hajjo, babbar 'yar marigayi, da ma mace ce mai son a san da ita, sai ta sa aka kwance Tani aka jawo ta a ƙasa har gaban tabarmar baƙi, inda matan manya ke zazzaune.

“Hajiya, kalle ta da kyau!” in ji Hajjo. “Ga tsinanniyar da ta sayar da ubanmu. Mun ci da ita, mun sha da ita!”

“Yaya Hajjo, ki ji tsoron Allah,” in ji Tani. “Wallahi innata na kira, ba ta da lafiya. Baba shi ne gatana, in na sayar da shi wa ya rage mini?”

Hajjo ta ɗauke ta da mari. Wasu matan suka tofa mata yawu, Hajiya Zahra'u kuwa ta sunkuyar da kai, abin ya fi ƙarfin idonta. Ana cikin haka aka yi sallama, Rilwanu ya shigo cikin babbar riga fara, da dogarai da shugaban 'yan sanda na yankin a bayansa, ya zo yi wa baƙuwa godiya. Ya ɗan rusuna yana cewa, “Hajiya, mun gode, Allah ya ba da lada...” Ta ɗago kai. Kofin ruwan da ke hannunta ya suɓuce ya faɗi.

“Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Wannan wane ne?”

“Yayanmu ne, babban ɗa,” in ji Hajjo. “Shi ake sa ran zai gaji sarautar.”

“Ɗansa? Ɗan cikinsa?” Hajiya Zahra'u ta miƙe tsaye. “Wallahi tallahi mutumin nan ya zo dajin da aka tsare mu! Ni suka sa na yi girki, da hannuna na ajiye masa kwano. Tsohon yana kwance a bukka ba ya ko iya ɗaga kai, na ji wannan da kunnena yana ce musu kada su sake shi ko an ba su abin da suka nema. Ban san ko wane ne ba sai yau!”

Rilwanu ya fara in-ina, wai kama ce, wai wahalar daji ta taɓa mata kai, amma zufa ta riga ta jiƙa masa wuyan riga. Da shugaban 'yan sanda ya miƙa hannu ya ce ya ba shi wayarsa, sai ga mai neman sarauta ya tattare babbar riga ya nufi katanga a guje! Dogaran ubansa ne suka cafko shi. Aka ratsa da shi da ankwa ta gaban wakilan sarakuna da 'yan jarida, jama'a sai salati suke, wasu tsofaffi suka zauna daɓas a ƙasa. Daga baya ya amsa laifinsa a gaban alƙali, har yau yana gidan yari, sarautar kuma ta bar hannunsa har abada.

Hajjo ta zube gaban Tani ta kama ƙafafunta. “Ki yafe mini, ƙanwata... na zalunce ki, na zalunci marainiya!”

Hajiya Zahra'u ta cire mayafinta ta lulluɓa wa Tani, tana kuka tana gaya wa taron cewa a daji tsohon ba shi da zance sai na Tani, yana cewa wa zai riƙe masa ita in ya mutu. Dattawan gidan suka yanke a wurin cewa ɗakinta da gonar Alu nata ne ita da 'yarta, babu mai sake taɓa su. Ita dai Tani ba ta ma ji ba, waige-waige kawai take.

“Ina Firdausi? Don Allah ku ba ni 'yata!”

Aka buɗe ɗakin da aka kulle yarinyar, ta fito da gudu muryarta ta dishe. Tani ta rungume ta, ta shafa kanta, ta duba hannuwanta da ƙafafunta, sannan ta juyo ga matan da suka tofa mata yawu ɗazu.

“Ba ta ci komai ba,” ta ce. “Ku taimaka mini da kunu.”