Kar Ki Ce Min Shigo

"Wai ni yau kake wa magana ta ramin get kamar mai sayen kalanzir?"

"Rabin raina, ki saurare ni…"

"Ba zan saurara ba! Bari in buɗe, ka faɗa min ido da ido."

"Kar ki buɗe!" Yadda ya ɗaga murya sai da hannuna ya saki sakata. "Don Allah, ko da wasa kar ki ce min shigo."

Mai Janwe ke nan, sunan da duk unguwa ke kiransa saboda motar jan motoci da yake tuƙawa. Ni kuwa masoyi nake ce masa, kuma ban taɓa jin kunyar hakan ba sai da aka wayi gari kamfanin da yake wa aiki shi ne ke bin Abbana ragowar kuɗin bas. Tun da ciwon ƙafa ya kwantar da Abba biya ya tsaya. Bas ɗin na tsakar gidanmu a fake, ita ce cinmu, ita ce shanmu.

Ya sassauta murya. "Lauyanmu ya ja mana kunne. Muddin motar na cikin gida, get a rufe, ba mu da ikon taka ƙafa sai da takardar kotu. Amma in wani a gidan ya buɗe da kansa ya ce mu shigo, shi ke nan, an ba mu izini. Kotu kuwa sai ta ɗau lokaci, kafin nan Yayanki ya turo kuɗin da ya yi alkawari."

"To me ya sa kai ake turowa?"

"Oga ya san nan nake zuwa zance. Ni ne ƙugiyarsa." Ya yi murmushin da ya fi kuka ciwo. "In na ƙi, a karɓe makulli. Kin san bakin da ke jirana a gida."

Na sani. Mahaifiyarsa da ƙannensa mata, duk a wuyansa.

Daga ranar gidanmu ya koma kurkuku. Ƙaramar ƙofa muke bi, ita ma a ɗarare. Ko mai kawo ruwa sai dai ya ajiye jarka a waje. Umma ta daina amsa sallamar maza, abin da ke cin ranta ƙwarai. Abba kan zauna a gindin bas yana goge fitilunta, ba inda za ta. Ni kuma ina jin ƙarar janwe a bakin layi zuciyata ta buga, na rasa murna zan yi ko tsoro.

Kaka ce kaɗai aka ɓoye wa, wai saboda hawan jini. Idonta ya yi rauni, amma kunne kam, ko allura ta faɗi sai ta tambayi mai ita. Kullum tsiyarta ɗaya: "Ina mijin nawa ya maƙale? Ko kin ƙwace min shi ne, 'yar nema?"

Ranar da abin zai faru ina wanki a bayan ɗaki bayan la'asar. Sai na ji sallamar babban mutum, a natse, har da "muna tare da yaronku". Na watsar da bokiti na kwasa da gudu, kumfa har gwiwar hannu.

Kaka ta riga ni. Tana jan sakata, bakinta har kunne.

"Kaka, a'a!"

"Ke tafi can, marar kunya! Yaro ya kawo magabacinsa, a bar su a rana? Bismillah, ku shigo, ku shigo! Gidanku ne." Ta wuce can ƙuryar ɗakinta neman tabarmar baƙi.

Baƙon, wanda ashe Oga ne, ya juya ya kalli masoyina da ke zaune a cikin janwe. "Ka ji da kunnenka. Shigo da mota."

Bai motsa ba. Ina hango hannayensa a kan sitiyari. Ya dube ni, idonsa jawur, ni kuma na kasa ce masa yi, na kasa ce masa bari. Uwarsa zan ce ya yasar, ko ubana? Wallahi a lokacin na tsani son da nake masa.

Abba ne ya dogaro sanda ya ƙaraso. Ya zaro makulli daga aljihu ya miƙa masa ta taga.

"Ɗauki, yaro. Maganar uwata ba ta faɗuwa ƙasa a gidana. Ka ja ta a hankali, birkinta na riƙewa." Ya juya zai koma ciki. "Amma daga yau na rufe maganarka da 'yata."

"Abba…" muka faɗa tare, ni da shi.

Abba bai waiwayo ba.

Masoyina yana ɗaura wa bas sarƙa yana kuka, ƙato da shi, ko share hawayen bai yi ba. Da suka fice, tsakar gida ta yi faɗi, ba komai sai tabon baƙin mai a kan siminti. Na durƙushe a wurin.

Kaka ta lallaɓo ta dafa kaina.

"Kukan me kuma? Kowace mace da haka take farawa. Faɗa min, me suka ce da ubanki? Yaushe za su dawo?"

Na riƙe hannunta na danne kukana.

"Ba su faɗa ba, Kaka."