Wanda Ya Jera Takalman

"Ni dai ko sama da ƙasa za su haɗu ba zan yafe masa ba!" Auta ta faɗa tana jawo ƙofar motar da ƙarfi. Ko farar rigarta ta asibiti ba ta cire ba, amma har ta ɗora musun daga inda suka tsaya jiya a waya.

Saurayinta, wanda kowa yake kira Direba, ya tayar da mota yana murmushin da bai kai zuci ba. "Haskena, fim ne fa..."

"Ai fim ɗin nake faɗa! Mutum ya buge bawan Allah a titi, ya taka mota ya gudu, ya koma gida yana wasa da 'ya'yansa, sannan ka ce in tausaya masa?"

"Ban ce ki tausaya masa ba. Cewa na yi wataƙila tsoro ne ya..."

"Tsoro? Shi wanda ya bari a kwance fa, daɗi yake ji?"

Suka wuce shataletale. Ta lura ya damƙe sitiyari, jijiyoyin hannunsa duk sun tashi.

"To idan ya yi nadama fa?" ya ce a hankali. "Idan da abin yake kwana, da shi yake tashi?"

"Ya je ya yi ta kwana da shi har ya mutu."

Sai da maganar ta fita ta ji nauyinta. Saura sati uku a ɗaura musu aure, ga ta tana yi masa tsawa a kan mutumin fim da babu shi ma a duniya. Ta sassauta murya. "Yi haƙuri, masoyina. Kai ma ka san abin da yake ci na."

"Na sani," ya ce, bai dube ta ba.

Shekara uku ke nan da mota ta buge Yayanta a kan kekensa yana dawowa daga makarantar da yake koyarwa, mai motar kuma ya gudu, Yaya bai rayu ba. Abu biyu aka tarar a wurin. Na farko madubin gefen mota da ya ɓalle, wanda Baba ya ɗauko ya ƙi rabuwa da shi. Na biyu kuwa, a gidan ma ba a cika faɗarsa ba, balle a waje: takalman Yaya ne aka gani a jere tsaf kusa da kansa, kamar wanda ya cire zai shiga ɗaki. Duk ranar da abin ya motsa wa Mama sai ta zauna tana tambayar bango, "Wa ya jera masa takalma? Wa ya tsaya ya jera, amma bai ɗauke shi ba?" Auta ba ta taɓa gaya wa Direba wannan ba, don ko a ranta ba ta son taɓa wurin.

Gidan su Auta kuwa gidan 'yan kallo ne, amma kallon nasu da sharri a ciki. Duk Lahadi bayan la'asar suke zama su kalli sabon kashi na wani fim mai dogon zango, kowa ya kasa ido yana jiran ya kama masu fim da ƙarya a fannin sana'arsa. Wanda ya gani sai ya ɗaga hannu ya ce, "Na kama!" Mama tela ce, ita ke gane an sauya wa jaruma ɗankwali tsakanin ɗaki da tsakar gida. Auta nas ce, ta sha kama su suna ƙarin ruwa robar a kulle. Baba kuwa mai gyaran rediyo da talabijin ne, ba ya ma juyowa. Teburin aikinsa yana kusurwar falo, ya ba talabijin baya, yana kallo ta madubin nan da ya jingina da wata tsohuwar rediyo. Ya ce haka masu gyara suke yi, hannu a bayan akwati ido a madubi.

Ta dalilin gyaran ma Direba ya shigo gidan, shekara biyu da suka wuce. Ya kawo rediyo, Baba ya kwance ta ya duba ya ga lafiyarta ƙalau. Har yau ana tsokanarsa da wannan, wai rediyon ba ta da ciwo, mai ita ne ya hango nas. Shi kuma sai ya sunkuyar da kai. Yaro ne mai kunya da tsabta, Mama har kuri take yi da shi, don bai taɓa shiga falon ba tare da ya durƙusa ya jera takalman da ya tarar a warwatse a bakin ƙofa ba.

Tun da fim ɗin ya tono asirin jarumin, cewa ya taɓa buge mutum ya gudu matarsa ba ta sani ba, zaman Lahadi ya canza. Auta ta ce a daina kallo. Mama ta ce a'a. "Ku bar min. So nake in ga yadda fuskar irin mutanen nan take." Shi kuwa Direba sati huɗu ke nan bai ce "na kama" ba ko sau ɗaya.

Washegari Lahadi hadari ya haɗo tun azahar amma ya ƙi zubowa, gari ya yi duhu-duhu, zafi kamar a tukunya. Direba ya zo da lemo a leda, ya jera takalma yadda ya saba, ya gaida Baba da Mama, ya zauna a kan darduma nesa da kowa.

"Yau fa za su nuna hatsarin kansa," in ji Auta. "Ranarka ce, malam direba. In ba ka kama komai ba yau, mun cire ka daga ƙungiya."

"Ki bar min ɗana ya huta," Mama ta ce tana zare zare daga bakin wata riga.

"Wane hutu? Na ba shi ci huɗu ba ko ɗaya!"

Baba yana kan teburinsa. Ya gyara zaman madubinsa kaɗan, ya ci gaba da liƙa waya da dalma.

Aka fara. Ga jarumi a mota yana waya, ga mai keke ya ɓullo daga kwana. Ƙara ta tashi, fitilar mota ta tarwatse, mai keken ya ƙwalla ihu mai tsawo, jarumi kuwa ko birki bai taka ba ya ƙara wuta. Mama ta runtse ido. Auta ta laluba hannunta ta riƙe, ta juya wajen Direba don ta kawar da zancen.

"To fa! Ko nan ma ba ka ga komai ba?"

"Na kama," ya ce.

Muryar ba tasa ba ce. Ko hannu bai ɗaga ba, idonsa yana kan talabijin ko ƙiftawa ba ya yi.

"Ba fitila ce take fashewa ba in ta gefe ne. Madubi ne yake ɓallewa. Kuma babu ihu... ƙarya suke yi, babu ihu ko kaɗan. Ƙararrawar keken kawai kake ji, sau ɗaya."

Auta ta saki hannun Mama. Ta yi 'yar dariyar dole. "Kai, ya isa haka, ka ci..."

Bai ji ta ba. "Kuma ba wanda yake wucewa haka kai tsaye. Sai ka tsaya. Ƙafarka ce ma take tsayar da kai. Ka fito, ka gan shi kwance kamar mai barci. Takalminsa ɗaya a tsakiyar titi, ɗaya a bakin kwata. Ba ka san me kake yi ba, sai ka ga ka tsinto su ka ajiye masa a kusa... sannan ka jiyo muryoyin mutane suna tahowa da gudu..."

Almakashin Mama ya faɗi ƙasa.

Ƙarar ce ta dawo da shi. Ya waiwayo ya dube su ɗaya bayan ɗaya, bakinsa a buɗe, kamar wanda aka tasa daga barci. Talabijin tana ta kiɗanta ba mai saurare. Auta ta ɗauke ido daga kansa. Ta juya ta kalli bakin ƙofa ba da niyya ba. Ga su nan a jere, nata, na Mama, na Baba, kawunansu duk sun dubi waje guda.

"A jere?" Mama ta tambaya, muryarta can ƙasa. "Ɗana... a jere ka ajiye masa su?"

Direba ya sunkuyar da kai. Sai hawaye.

"Ce min a wani fim ka gani!" Auta ta miƙe tsaye. "Don Allah ka ce a fim ka gani, ko wani abokin aikinka ne ya ba ka labari! Ka faɗa, wallahi zan yarda!"

"Haskena..."

"Kar ka kira ni haka! Ka faɗa kawai!"

"Ni ne."

Baba ya kashe ƙarfen dalmarsa, ya juyo da kujerarsa a karon farko tun da aka fara kallon fim ɗin nan. Fuskarsa ba fushi, abin da ya fi tsorata Auta ke nan.

"Sati huɗu ina kallon fuskarka a madubin nan," ya ce. "Kowa yana kallon fim, kai kana kallon ƙasa. Ina ta roƙon Allah ya sa idona ne ya tsufa."

Direba ya rarrafo ya durƙusa a gabansa. "Baba, ranar da na kawo rediyon nan, zuwa na yi in faɗa. Shekara guda ina neman gidan. Na shigo na ga madubina a kan teburinka, harshena ya mutu. Na ce gobe. Da na dawo goben sai ita ta buɗe min ƙofa..." Ya goge fuska da tafin hannu. "Kullum cewa nake gobe."

"Da ka ɗauke shi," in ji Mama, tana kallon hannayenta. "Likita ya ce da an kawo shi da wuri... Ga mota a hannunka, ɗana. Ka tsaya wa takalma."

Har yanzu "ɗana" take ce masa, bakinta bai saba da wani sunan ba. Wannan ne ya karya Auta, ta fashe da kuka mai sauti.

Baba ya ɗauko madubin, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙa masa. "Karɓi abinka. Na gaji da ajiya."

Ya karɓa da hannu biyu. Ya tashi ya fita yana haɗa hanya. Auta ta bi shi har bakin ƙofa, ta zo sa takalmi ta ga yadda aka jera shi, ta kasa. Haka ta taka tsakar gida ƙafa ba komai, an fara yayyafi.

"Tsaya!"

Ya tsaya bai juyo ba.

"Duk abin da ka faɗa min shekara biyun nan... shi ma biyan laifi ne?"

"A'a." Ya juyo, idanunsa jawur. "Komai na ɓoye miki, amma wannan ban yi ƙarya ba. Ina son ki, Auta, son da ban cancanta ba. Jiya na tambaye ki a mota, kin ba ni amsa."

"Jiya ban san kai nake yanke wa hukunci ba!"

"Yau da kika sani fa?"

Ta waiwaya. Ta labulen falo tana hango Mama ta kifa kai a cinyar Baba, kafaɗunta suna girgiza. Ta yi tunanin kowace safiya ta sauran rayuwarta, wannan hannun yana miƙo wa Mama gaisuwa, yana jera takalma a ƙofarta. Ta zare zoben da ya sa mata, yatsanta yana ƙin saki, ta ɗora a kan madubin da ke hannunsa.

"Ina za ka?"

"Wajen 'yan sanda. Inda ya kamata in je tun shekara uku."

Ba ta ce ya tafi ba, ba ta ce ya zauna ba. Ta tsaya a cikin ruwan har ƙarar motarsa ta ɓace.

Lahadin da ta zagayo ita ce ta kashin ƙarshe. Ba wanda ya yi niyyar kunnawa, Mama ce ta ce a kunna, a gama abin da aka fara. Baba ya jawo kujerarsa ya zauna a cikinsu yana fuskantar talabijin kamar kowa. Takalma a bakin ƙofa kowanne ya kama gabansa.

A fim ɗin matar jarumi ta gano komai. Ta tsaya a gabansa ido a bushe ta ce, "Daga yau babu sauran sonka a zuciyata, ya fita fit!" Kiɗa ya tashi, ta juya ta tafi tana taku ɗai-ɗai.

Auta ta ɗaga hannu a hankali.

"Na kama," ta ce.

Mama da Baba suka dube ta.

"Ƙarya suke yi, Mama," ta ce, hawaye yana sauka har haɓarta. "Ba ya fita."

Mama ta daɗe tana kallonta. Sannan ta ajiye ɗinkin da ke hannunta, ta jawo kan 'yarta ta ɗora a ƙirjinta.