Sunan Inna Larai

Ban runtsa ba har aka kira assalatu. Tambaya ɗaya ce ta hana ni sukuni: shin ina da ikon saɓa wa mamaciya domin in tsare mai rai?

Bincikena na digirin digirgir a kan mutanenmu ne na Gobir da 'yan bindiga suka kora zuwa Nijar. Cikin waɗanda na naɗi muryarsu har da Inna Larai, mahaifiyar masoyiyata Hadiyya, wadda aka sa mana ranar aure bayan kaka. Daga Unguwar Lalle Inna ta fita, a ƙasar Maraɗi ta rasu. A kundina na kira ta Safiyatu, domin ƙa'idar aikinmu ce a sakaya sunan mai ba da labari.

Da hantsi na sauka garin Isa, gidan kawun Hadiyya. Na tarar da ita a zaure, kwafin kundin da na aika mata a cinyarta, idanunta sun kaɗa.

"Abdulrazak, wace ce Safiyatu?"

"Hadiyyata, ki saurare ni..."

"Maganar Innata ce, na gane ta! An raba ta da gonarta, an raba ta da ɗakinta, an rufe ta inda ba mu iya ziyara. Sunanta kaɗai ya rage, kai kuma ka ɗauke!"

"Ta tona asirin mai karɓa wa 'yan bindiga harajin noma a garinku. Yayanki Abbas na can yana noma. In sunanta ya fita, gidanku za a fara zuwa."

"To, ka cire sunan mutumin!"

"Ko na cire, duk garin an san wa take nufi."

"Mi ta ce maka ranar da ka kunna rikodarka?"

Na sunkuyar da kai. "Cewa ta yi, 'Ɗana, rubuta Larai ɗiyar Yari, Bagobira. Kada a ce wata baƙuwa ce ta mutu nan.'"

"Wasiyya ce, masoyina..." in ji ta. "Ba ni iya zama ɗaki ɗaya da wanda ya taka ta."

"Ni kuma ba za ni so in gan ki kina makokin Abbas saboda alƙalamina ba."

Ta miƙe tsaye. Sannan ta ajiye kundin a kan tabarma, a hankali kamar mai kwantar da jariri, ta shige cikin gida tana toshe bakinta da gyale.

Na shiga motar Sakkwato. Da na miƙa wa mai ɗab'i kundin, ya tambaye ni ko akwai sauran gyara kafin ya ɗinke.

Na share idona da bakin hannun riga, na ce masa babu.