Hancin Kaka

A shekarar da cutar korona ta sa aka rufe makarantu, akwai wata yarinya a Gusau, 'yar aji biyar a firamare. Tana zaune da Babanta da Innarta da Kakarta.

Kaka 'yar Kwatarkwashi ce, kuma daddawa ce sana'arta. Takan dafa kalwa ta surfe ta wanke. Sai ta zuba a kwando, ta lulluɓe da buhu, ta ajiye a ƙuryar ɗaki har ta nuna. Amma tsufa ya rage mata jin wari, don haka yarinyar ce ke sunsuna mata.

"Hancina, taho ki ji min," haka Kaka ke kiranta.

Yarinyar takan ɗaga buhu ta sunsuna, ta ce, "Da saura, Kaka," ko kuma ta ce, "Ta yi." Ba ta taɓa kuskure ba.

Ɗakinsu ɗaya da Kaka. Kwanonsu ɗaya. Ko fura za su sha, ludayi ɗaya suke miƙa wa juna.

A waɗannan kwanaki garin ya yi tsit. Shaguna a kulle. Babu hayaniyar 'yan makaranta da safe. Akuyoyi suna kwance a tsakiyar titi, ba motar da za ta tashe su.

Ana nan sai aka kafa wani farin tanti a filin makarantarsu. Baba ya ce wurin gwajin cutar ne, kuma kyauta ake yi wa kowa.

Gambo, ɗan maƙwabtansu, bai yarda ba.

"Kyauta?" in ji shi. "A garin nan wa ya taɓa ba ki ko ƙosai ɗaya kyauta? Waɗanda ke cikin tantin nan ba mutane ba ne."

"To mene ne?"

"Oho. Kin taɓa ganin mutum babu fuska? Duk wanda suka kalla, sai sun ɗauke wani abu a jikinsa. Daga baya su dawo su kwashi sauran."

"Ƙarya kake yi, Gambo."

"Je ki leƙa mana, in kin isa."

Washegari Inna ta aike ta sayen gishiri. Maimakon ta dawo gida kai tsaye, sai ta bi ta bayan makaranta, inda katanga ta zube. Ta leƙa.

Filin da suke wasa ya cika da busasshiyar ciyawa. Azuzuwa duk a rufe. Tagar ajinsu ce kaɗai iska ke bugawa, ta buɗe, ta rufe. A tsakiyar fili ga tantin, fari fat.

Sai wani abu ya fito daga ciki. Fari ne daga sama har ƙasa. Babu baki, babu hanci, babu kunne. Inda fuska ya kamata ta kasance, gilashi ne kawai yana ƙyalli a rana.

Abin ya tsaya. Ya juyo a hankali. Ya ɗaga mata hannu.

Yarinyar ta zura da gudu. Sai da ta iso ƙofar gida ta ga silifas ɗinta ƙafa ɗaya ya rage.

"Shi ke nan," in ji Gambo da ta gaya masa. "Sun riƙe takalminki. Da shi za su bi sawunki."

Bayan 'yan kwanaki ta tashi da ɗan ciwon kai, jikinta da ɗumi. Ba ta gaya wa kowa ba. Ta fito tsakar gida ta tarar Inna tana soya albasa. Ga mai yana ƙara, ga hayaƙi yana tashi, amma ba ta ji ƙamshin komai ba.

Ta ɗauki sabulu ta sunsuna. Babu. Ta murza ganyen lemun tsami. Babu. Ta je har garken akuyoyi ta tsaya. Ko alama.

Da la'asar aka yi ruwan farko na damina. Inna ta tsaya bakin ɗaki ta lumshe ido.

"Kai, ku ji ƙamshin ƙasa!"

Yarinyar ta ja numfashi da ƙarfi. Iska ce kawai mai sanyi. Gidansu ya zama kamar hoton gida. Komai yana nan, amma kamar ba na gaske ba.

Ta ce a ranta, "Sun ɗauke hancina. Saura su dawo."

Baba yana zaune da rediyo. Sai ta ji mai sanarwa yana cewa, "Duk mai zazzaɓi ko tari, ko wanda ya daina jin ƙamshi da wari, ya zo a gwada shi. Kyauta ne."

Ashe har sun san abin da suka ɗauka. Ashe ita suke nema.

Baba ya dubi mutanen gidan. "Kun ji dai. Duk wanda ya ji jikinsa ba daidai ba ya faɗa, saboda Kaka. Cutar nan ta fi wahalar da tsofaffi." Ya juyo kan yarinyar. "Ke fa? Na ga kin yi sanyi."

"Lafiyata ƙalau, Baba."

Ranar ma ta ci tuwo kwano ɗaya da Kaka. Ta kwanta kusa da ita kamar kullum.

Da safe Kaka ta kira ta. "Hancina, taho ki ji min."

Yarinyar ta ɗaga buhu. Ta san warin da ke nan zai iya korar baƙo daga zaure, amma ita ba ta ji komai ba.

"Ta yi, Kaka."

Kaka ta sa yatsa ta murza kalwar. "Anya? Hannuna na cewa da saura. To, amma ke ce mai hanci."

Daddawar ba ta nuna ba. Ta fito da tauri, ta ƙi dakuwa. Kaka ta zubar da ita duka, ta ɗora wata kalwar a wuta. Yarinyar ta so a ce faɗa aka yi mata.

Ba a jima ba Kaka ta fara tari. Tari ne busasshe, mai ƙara kamar ana kankare ƙwarya. Baba ya ce a tafi gwaji.

"Mura ce ta sabon ruwa," in ji Kaka. "Ni da ko zaure ban fita, ina zan gamu da korona?"

Yarinyar tana ji, ta sunkuyar da kai.

Wata rana da hantsi Kaka tana kwance da zazzaɓi. Inna ta sa mata turaren wuta a kasko, ta koma madafa. Yarinyar ta zauna a bakin ƙofa tana tsince wake, ta ba ɗakin baya. Kaka ta yi barci. Gidan ya yi shiru.

Can sai ga Inna a guje, muciya a hannu.

"Ƙauri! Me ke ci da wuta?"

Ta ture yarinyar ta faɗa ɗaki. Garwashi ne ya faɗo daga kasko, ya cinye gefen tabarma, ya kama bakin bargon da Kaka ta lulluɓa da shi. Inna ta fizge bargon ta jefa tsakar gida, ta kwara masa ruwa.

Ta juyo tana haki.

"Ni ina madafa na jiyo. Ke kina zaune a bakin ƙofa ba ki ji ba? Ke da kike jin warin daddawa tun daga titi?"

Yarinyar ta fashe da kuka.

"Inna, hancina ba ya ji. Ya daɗe. Masu farin kaya ne suka ɗauke. In na faɗa za su zo su tafi da ni."

Ta faɗi komai, har da leƙen da ta yi, da takalmin, da maganar Gambo, da ƙaryar da ta yi kan daddawa.

Baba ya shigo ya saurara har ta gama. Bai ɗaga murya ba.

"Na tambaye ki, kika ce lafiyarki ƙalau," in ji shi. "Da kin faɗa, da tun ranar mun raba muku ɗaki da kwano. Dubi Kakarki."

Yarinyar ta duba. Kaka tana numfashi da ƙyar, ƙirjinta yana ɗagawa yana sauka.

"Ku sa takunkumi," in ji Baba. "Dukkanmu za mu je, yanzu."

A bakin tantin yarinyar ta ja ta tsaya. Farin abin nan ya fito, ya nufo ta. Kayansa suna ƙara kamar busasshen ganye. Ta ga fuskarta 'yar ƙarama a jikin gilashin. Ta damƙe hannun Baba.

Abin ya sunkuyo.

"A'a! Ba ke ce ƙawar Diborata ba?"

Yarinyar ta buɗe ido. Ta san muryar nan. Maman Dibora ce, mahaifiyar 'yar ajinsu, ma'aikaciyar jinya. Sau da yawa ta ba su cincin a gidanta. Da ta duba da kyau, sai ta ga idanu biyu a bayan gilashin, suna dariya, gumi yana gangarowa a gefensu.

"Ni ce fa na gaishe ki ran nan, kika ruga kamar kin ga kura," in ji Maman Dibora. Ta shiga ta fito da silifas a leda. "Ga takalminki. Na wanke shi da magani na ajiye miki."

"Mama, ba ku ne kuka ɗauke min hanci ba?"

"Mu yi me da shi? Namu ma da ƙyar muke numfashi da su a cikin kayan nan. Cutar ce ke toshe jin ƙamshi. Kallo ba ya kawo ta. Daga numfashi da tarin mai ita ake ɗauka. Kayan nan kuwa don kada mu ɗauka ne, kuma kada mu kai wa wani."

Ta ɗauko wani ɗan tsinke mai auduga a baki.

"Ɗaga kanki. Zai yi miki susa, ba zai yi zafi ba."

Ta sa shi a hancin yarinyar ta juya. Yarinyar ta yi atishawa, ƙwalla ta zubo. Shi ke nan.

"An gama?"

"An gama."

Baba ya sa hannu a aljihu. Maman Dibora ta girgiza kai. "Malam, mayar da hannunka. Ba a biyan komai."

Ita Kaka ba a bar ta ta koma gida ba, saboda numfashinta. Aka sa ta a mota zuwa inda ake jinyar masu cutar. Da sakamako ya fito, sai aka ga ita da yarinyar ne suka kamu. Baba da Inna ba su da ita.

Aka ce yarinyar ta zauna a ɗaki ita kaɗai har ta warke. Inna tana ajiye mata abinci a bakin ƙofa. Duk inda ta juya sai ta ga gadon Kaka babu kowa, ga carbinta a rataye, ga tabarma mai ƙonannen gefe. Kullum bayan salla tana roƙon Allah ya dawo mata da Kakarta.

Gambo ya leƙo ta kan katanga. "Ban faɗa ba? Sun tafi da ita."

"Rufe mana baki!" in ji ta daga taga. "Maman Dibora ce a ciki. Kuma kai ma da kake tari, je ka a gwada ka."

Gambo ya sauka sumui-sumui.

Rannan Baba ya tsaya nesa da taga ya ɗaga waya. Wata murya ta fito, a shaƙe, amma da wasa a cikinta.

"Hancina, kina lahiya? Mutanen nan na kula da ni, amma miyarsu babu daddawa ko kaɗan."

"Kaka, ki yafe min. Ni na ja miki."

"Na yahe. Likita ya ce da mun ƙara jinkiri da labari ya sha bamban. Ki gode Allah, ki bar ɓoye ciwo."

Allah ya ba Kaka sauƙi. Ta dawo gida a rame, amma da ƙafafunta. Da ta ji ƙarfi ta koma dafa kalwa.

"Hancina, taho ki ji min."

Yarinyar ta sunsuna. "Ban ji komai ba, Kaka. Bai dawo ba tukuna."

"Madalla da gaskiya," in ji Kaka. "Kira min Innarki."

Haka suka yi ta yi har damina ta wuce. Aka kwashe tantin, aka buɗe makarantu. Malama Nafisa ta tambayi 'yan aji me suka koya a zaman gida. Yarinyar ta ɗaga hannu ta ba su labarin duka, har da silifas. Aji ya kwashe da dariya.

"To mene ne darasin?" in ji Malama.

"In ka ji ciwo ka gaya wa manya da wuri, ka je a duba ka. In ka ɓoye, ba kai kaɗai zai cuta ba. Kuma in ka ji labari mai ban tsoro, ka tambayi wanda ya sani."

"Ku tafa mata," in ji Malama Nafisa.

Da aka tashi ta nufi gida. Tana sa ƙafa a zaure sai ta tsaya cak. Wani abu ya bugi hancinta, mai ƙarfi, har sai da ta yamutse fuska. Ba ta taɓa jin abin da ya fi shi daɗi ba.

Ta yar da jaka ta ruga ciki.

"Kaka! Kaka! Kada ki buɗe kwandon nan. Da saura!"

Kaka ta murza kalwar da yatsa, ta ɗago tana murmushi.

"Hannuna ma haka ya ce. Sannu da zuwa, Hancina."